Sauya Rumbu

Kwana uku kwamfutata tana tari,
ƙas, ƙas, kamar ɓera a cikin rufi.
Na naɗe ta a zanen gado,
na hau keke daga Kakuri,
muka haye gada, kogi ya cika ya yi jajir,
sai Titin Legas, bene na biyu,
shagon Istifanus mai gyara.

Ya kara kunne a jikinta.
"Baba, rumbunta ya tsufa.
Yau ko gobe zai rufta da abin da ke ciki."

Yaro, ka san abin da ke ciki?
Suna dubu da ɗari huɗu da tara,
mu da masaƙa ta rufe wa ƙofa,
kowa da lambarsa, da shekarun guminsa,
da kuɗin sallamar da har yau muke bi.
Ni ne magatakarda.
Da yatsa biyu na buga su.

Ya ce ba a rushe rumbu sai an kwashe hatsi.
Ya jawo ɗan akwati baƙi, bai cika tafi ba,
ya haɗa musu cibiya da waya.
Na ce sunayen kawai ka kwasa,
sauran tarkace ne.

"A'a, Baba.
Akwai fayilolin da ba ka taɓa gani ba,
sunansu ma ba ya karantuwa.
Su ke tashinta da safe,
su ke nuna wa kowane harafi mazauninsa.
Ko mu kwashe har da su,
ko a sake gini daga tushe."

Na yi shiru. Na tuna Ɗanjuma Makera
mai zuba wa injuna mai da dare.
Ba a taɓa buga sunansa a bakin atamfa ba,
amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi
sashe guda ya yi tsit.

Koren layi na jan ciki a allo.
Talatin.
Arba'in da bakwai.
A sittin da biyu aka ɗauke wuta.
Batir ya riƙe, yana kuka ɗit, ɗit,
yaron shago ya ja igiyar janareta
sau huɗu kafin ya kama.
Ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba.

Da ya cika ɗari na ce to, kwance ta.
Ya ƙi. Sai da ya buɗe ajiyar ya leƙa.
"Ajiyar da ba a duba ba, zato ce."

Kusoshi huɗu a murfin lemo.
Ya zaro tsohon da ɗuminsa,
ya zura sabo, shafal kamar ba komai,
ya juya kan kogin:
abin da ya fita ɗazu, yanzu komawa yake.
Na sauka na yi la'asar.
Na sayi gyaɗa, ban ci ba.

Ta farka ba tari.
Ga jikata Kyauta da giɓinta a allo,
ga jerinmu yadda na bar shi,
har kuskuren da na yi a sunan Bulus Kajuru.
Ga waɗanda na shafa wa ja,
ɗari uku da goma sha ɗaya.
Su ma sun dawo,
iyakar allo.

Istifanus na gangarawa da yatsa,
wai gwaji yake yi.
Ya tsaya a lamba ta ɗari takwas da shida.
Yohanna Kagoro, sashen rini. Ja.
Ya daɗe a wurin.
Janareta kaɗai ke magana.

"Hannunsa shuɗi ne har ya rasu," in ji shi.
"Sabulu bai taɓa fitar da shi ba."

Kuɗin rumbu ya karɓa cif.
Na aiki ya ture mini hannu.
Ya kwafe jerin a wuri na uku,
ya kulle a durowarsa,
ya sa mini tsohon a baƙar leda.

Da muka hau gada na ji shi a aljihu,
ya huce, yana bugun cinyata.
Mai keke ya ce, Baba, me ka sayo?
Na ce ban sayo ba.
Wani ne ya gama aiki,
zan kai shi gida.